Farantina ya tsage shi kaɗai a kan tebur: laifin kwalba ne ko na wuta?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Masu sani ku taimaka mini. Wata uku ke nan da na sayi ƙaramin tanderun lantarki na hannu a wajen wata malama da ta daina aikin tukwane, na ce bari in gwada haɗa gilashi a wuta. Ranar Litinin na yanka gilashin taga guda biyu, kowanne santimita 25 a tsaye da kwance, na ɗora ɗaya a kan ɗaya, na jera gutsattsarin koriyar kwalba da shuɗiya a sama kamar ganye. Na kai zafi digiri 820, na tsaya minti 15 a nan. Da safe da na ɗaga murfi saura kaɗan in rangaɗa guɗa. Ya yi sumul, ganyen sun nutse ciki, har na zuba wa baƙi dabino a kai. Daren Laraba muna zaune a falo sai muka ji ƙas! Babu wanda ya taɓa shi. Tsagar ta zagaye korayen ganye biyu, sannan ta fice ta baki. Ga hoton. Ina na kuskure?

Sarkin Gardama:
Ki fara tambayar Ilham tukuna. Abin da ya fashe shi kaɗai a gidan da akwai yara, ni dai ban taɓa yarda da labarin ba.

Maman Ilham:
Tana barci, Malam. A kan idona aka yi.

Mai Luba:
Hajiya sannu da ƙoƙari. Shekarata goma sha bakwai ina yankan gilashi a Ƙofar Ruwa, kuma gilashi ba ya tsagewa haka siddan. Ko dai akwai ɗan ɓantare a bakinsa, ko wani abu na matse shi. Tambayata ɗaya: guda biyun nan na taga, daga falle ɗaya kika yanko su?

Maman Ilham:
A'a Oga. Ragowar yanka ne na tsinto a shagon masu alminiyam na unguwarmu. Ɗaya ma ya ɗan fi ɗaya kore in ka dubi gefensa.

Injiniya Zariya:
Wa alaikumus salam. Na buɗe hoton na ƙara girmansa. Maman Ilham, ki lura da hanyar da tsagar ta bi. Ba ta ratsa farantin kai tsaye ba, ta bi gefen koriyar kwalbar ne kamar mai bin shinge. Wannan alama ce ta gilashi biyu da ba sa jituwa.

Ga yadda abin yake. Kowane gilashi yana buɗewa in ya ji zafi, yana tsukewa in ya huce, amma kowanne da gwargwadonsa, ya danganta da abin da aka haɗa shi da shi a masana'anta. Masu sayar da gilashin wannan sana'a suna rubuta lambar gwargwadon nan a jikin kaya, za ki ga COE 90 ko COE 96. Bari in ba ki lissafi. Gilashi mai lamba 90, tsawon santimita 30, in ya sauko daga digiri 500 zuwa zafin ɗaki, zai tsuke da kusan milimita 1.3. Mai lamba 96 zai tsuke da kusan 1.4. Bambancin bai wuce kaurin fallen takarda ba. To amma sun riga sun manne a wuta, ɗaya na ja, ɗaya na turjiya, kuma gilashi ba roba ba ne da zai miƙe. Sai ja-in-jan ya zauna a ciki ido ba ya gani. Wani ya fashe a cikin tanderu, wani bayan kwana biyu kamar naki, wani sai bayan wata shida, ranar da aka zuba masa ruwan ɗumi.

Ke kuma gilashi huɗu kika aurar a ɗaki ɗaya: taga biyu da ba 'yan falle ɗaya ba, koriyar kwalba, shuɗiyar kwalba. Na taga lambarsa tana yawo a tamanin da wani abu, na kwalba kuma kowace masana'anta da nata haɗin.

Sarkin Gardama:
Mata huɗu a ɗaki ɗaya, ai dole a ji ƙas.

'Yar Katsina a Ingila:
Ƙanwata, abin da Injiniya ya faɗa shi ne darasin farko da aka koya mana a ajin da na shiga a nan. Malamar ba ta barin kowa ya shigo da gilashin waje ɗakin aiki, ko ƙwaya ɗaya. Muna amfani da na Bullseye, kamfani ne a Fotland ta jihar Oregon a Amurka, tun 1974 suke yi, kuma su ne suka fara fitar da gilashin da aka gwada aka tabbatar launukansa za su zauna da juna. Su ma kansu suna cewa lambar nan ba ita kaɗai ba ce, akwai yadda gilashi ke yin tauri yayin hucewa, shi ya sa suke gasa samfuri su duba maimakon dogaro da lissafi. Shawarata ki daina ɓata wutarki da kwalabe. Ki tara kuɗi ki yi odar na gaske ko kaɗan ne, kore da shuɗi da fari, ki huta.

Maman Ilham:
Anti, na duba farashin. Kuɗin jirgi kaɗai ya fi kuɗin tanderun. Kuma in ya iso a farfashe wa zan kama?

Mai Luba:
Gaskiya Anti, wannan shawarar ta can ce. Mu nan kullum sai na cika buhu da ragowar yanka na biya yaro ya kai bola. A ce wai babu abin da za a yi da shi sai an yo oda daga Amurka?

'Yar Katsina a Ingila:
Ban ce babu ba, Malam. Na ce mai koyo ya rage wa kansa abin da zai ruɗe shi. In faranti ya fashe, ta san ba daga gilashin ba ne, sai ta nemi laifin a wani wuri. Yanzu fa? Abu huɗu take zargi.

Maman Ilham:
To tunda an zo nan, bari in faɗi abin da ban faɗa ba. A daren nan an ɗauke wuta. Lokacin tanderun yana saukowa, na ga 610 a allon kafin ya mutu. Ba a dawo da ita ba sai bayan asuba. Kuma da na tashi sallah na ɗan ɗaga murfin na leƙa, ɗan kaɗan dai, zafi ya bugi fuskata na mayar.

Injiniya Zariya:
Haba Maman Ilham! Ai da wannan za ki fara.

Baban Sadik:
To ni a nan na rabu da Injiniya. Ni magini ne, tukwane da kofuna masu ƙyalli nake gasawa, amma na yi gilashi sau da yawa a tanderuna. Ba kwalba ce ta kashe farantin nan ba, hucewa ce. Kowa hankalinsa na kan digiri nawa zai kai, alhali hawa ba shi ne aikin ba, saukowa ce. Akwai wani zango da gilashi ke barin laushi yana komawa tauri, a na taga wajen digiri 540 zuwa 550 ne. Dole a tsayar da zafi a nan, a ba shi lokaci ciki da waje su daidaita, sannan a sauko a hankali. Turawa anilin suke ce masa, ni zaman huce haushi nake ce wa yarana. In ba a yi ba, fatar waje ta daskare ta bar ciki da zafi, daga baya cikin ya zo tsukewa ya tarar an kulle shi. Wutarta ta tafi a 610, wato ana dab da shiga zangon. Babu abin da ya riƙe zafin. Sannan ta zo ta ɗaga murfi iskar asuba ta shiga. Ko gilashin Anti ne na Amurka sai ya tsage.

'Yar Katsina a Ingila:
Wannan kam haka ne. Namu a 482 muke tsayawa, awa ɗaya cur in kaurin milimita 6 ne, sannan a sauko da digiri 83 a kowace awa har 427. In kauri ya kai milimita 12, awa biyu. In ya kai 25, awa huɗu, kuma saukowar digiri 15 kacal a awa. Malamarmu har kwaɗo take sa wa tanderu saboda masu leƙe irin ƙanwata.

Injiniya Zariya:
Baban Sadik, ban musa maka muhimmancin hucewa ba, amma ka sake duba hoton. Tsagar rashin hucewa yawanci tana ratsa kaya ne a lanƙwashe, kamar tafiyar maciji, ba ruwanta da inda launi yake. Wannan kuwa ta je ta sami koren ganye, ta zagaye shi, ta tsallaka ta sami na biyu. Me ya sa ba ta taɓa shuɗin ba? Kuma tanderunta na masu tukwane ne, na bulo, irinsu suna riƙe zafi su sauko a hankali ko babu wuta. Da na auduga mai jure wuta ne mara nauyi da na fi yarda da kai.

Baban Sadik:
Inda ganyen yake ya fi ko'ina kauri, Injiniya. Wuri mai kauri kusa da wuri mara kauri, nan ne hucewa ke fara cin amana. Dole tsaga ta bi nan.

Injiniya Zariya:
Shuɗin ma ai kauri ya ƙara.

Sarkin Gardama:
Yau ga gardamar da ba ni na tayar ba. Admin a kawo shayi.

Injiniya Zariya:
A bar musu, gani ya kori ji. Maman Ilham, akwai laftof a gidan? Akwai tabarau na rana irin na direbobi, mai kashe ƙyallin titi, wanda ake rubuta wa polarized a jiki? Ki buɗe farin shafi a laftof, ki ƙure haske. Ki riƙe tabaran a gabansa kina juya shi a hankali har allon ya yi baƙi ƙirin ta cikinsa. Ki tsaya a haka, wani ya sa ɓarin farantin tsakanin allon da tabaran. Gilashin da ke zaune lafiya zai kasance da duhu. Inda ake ja-in-ja zai yi haske. In hasken ya kewaye gutsattsarin kwalba kamar rawani, rashin jituwa ne. In ya bazu ko'ina har kusurwoyi, hucewa ce. Ki kashe fitilar ɗaki.

Ɗan Zango Kumasi:
Salamu alaikum. Kafin ta dawo bari in sa baki, don ni harkar duwatsun wuya nake, kusan kowace Alhamis ina kasuwar Koforiduwa a Gana. Mutanen Krobo, su Odumase da Somanya, da kwalba suke aikinsu kaka da kakanni, kuma wutar itace ce, babu allo babu lamba. Na zauna na gani da idona. Su daka kwalba a turmin ƙarfe har ta koma gari, su tankaɗe. Suna da ƙananan mazubai na yumɓu masu ramuka, su tsoma su a ruwan farar ƙasa don kada gilashi ya kama. A tsakiyar kowane rami su tsaya da ɗan karan ganyen rogo, su zuba garin kewaye da shi launi bisa launi. A wuta karan ya ƙone ya bar ƙofar zare. Tanderun da ƙasar suri suke gina shi, su shimfiɗa tsofaffin ƙarafan mota a ciki. In ya huce su goge duwatsun a kan dutse da yashi da ruwa. Launi uku, huɗu a dutse ɗaya, kuma ina da waɗanda suka shekara ashirin a hannuna ba su tsage ba. To ina maganar rashin jituwar?

Mai Luba:
Yauwa! Allah ya biya ka. Abin da nake son ji ke nan.

Injiniya Zariya:
Tambaya ce mai kyau, Alhaji. Abu uku ne ya cece su. Na farko girma: dutsen wuya bai wuce santimita ɗaya ko biyu ba, tsukewar da ke cikinsa ƙanƙanuwa ce ƙwarai in ka gwada da faranti. Na biyu, gari ne. Kowace ƙwaya tana jan maƙwabciyarta kaɗan, jan ya rarrabu, ba kamar ƙaton gutsure guda da ke zaune a tsakiyar falle yana ja shi kaɗai ba. Na uku, ba sa narkar da shi ya zama ruwa, ƙwayoyin manne wa juna suke yi, shi ya sa dutsen Krobo ba a ganin haske ta cikinsa, yana da ɗan kaushi. Kuma da yawa daga launukan nan ba kwalba daban-daban ba ce, garin farar kwalba ne ake zuba wa garin launi irin na masu tangaran. Ka tambaye su, za ka ji su ma suna ware kwalabe iri-iri kafin daka.

Ɗan Zango Kumasi:
Wannan gaskiya ne, suna warewa. Kore gefe, ruwan ƙasa gefe, fari gefe. Kuma akwai mai ɗaukar ido da suke yi da ɓarɓashi ba gari ba, shi wuta mai ƙarfi yake so, da zafinsa suke huda shi da tsinken ƙarfe.

Dattijon Minna:
Yara, kuna ta Amurka da Gana, kun manta Bida na nan kusa. Unguwar Masaga tun muna yara muke zuwa kallo. Sai dai nasu daban ne da na 'yar nan. Su a bakin wuta suke zaune da zugazugi, su narka kwalba, su naɗo ta a sandar ƙarfe suna juyawa, su fitar da dutsen wuya ko awarwaro. Kakanninsu har gilashin kansu suke dafawa da yashi da kanwa, baƙi, bikini suke ce masa, kuma suna cewa asalinsu daga Misira suka taso. A 2021 UNESCO ta sa Bida cikin biranen da ta karrama saboda sana'ar hannu. Abin da na tuna, in suka gama awarwaro ba sa jefa shi a ƙasa, cikin toka mai ɗumi suke tura shi. To ashe maganar Baban Sadik ce suke yi ba tare da lamba ba.

Baban Sadik:
Allah ya ƙara girma, Baba. A rubuta mini maki ɗaya.

Maman Ilham:
Na dawo. Sai da na aika aka aro tabarau a wajen ƙanin maigida. Jama'a abin mamaki! Allon ya yi baƙi, da Ilham ta sa ɓarin sai ga haske fari fat ya kewaye kowane koren ganye, kamar an zana shi da alli. Shuɗin ma akwai amma siriri. Sannan a kusurwoyi biyu akwai wani haske dishi-dishi. Na ɗauki hoto ta cikin tabaran, ga shi.

Injiniya Zariya:
Rawanin ya fito. Koriyar kwalba ce ta yi kisan.

Baban Sadik:
Kusurwoyin fa? Ka karanta har ƙarshe.

Injiniya Zariya:
Na gani. Hucewar ma ba ta cika ba, na yarda. Amma ka lura, in hucewa ce kaɗai, ana iya mayar da kaya wuta, a hau a hankali a wuce zangon, a sake saukowa daidai, ya warke. Rashin jituwa kuwa ko kwana uku ka yi kana hucewa yana nan. Shi ya sa na fi jin tsoronsa.

'Yar Katsina a Ingila:
Kun ga abin da na faɗa tun farko.

Mai Luba:
Anti, ba abin da kika faɗa ke nan ba. Ke cewa kika yi a yo oda. Abin da ya fito shi ne kada a gauraya. Hajiya, ni zan ware miki ragowar falle ɗaya, in ɗaure da tef in rubuta lamba. Duk abin da ya fito daga falle ɗaya ai ɗan uwan juna ne. Kwalba ma haka, in za ki yi da koriya, ki yi da ita ita kaɗai, daga kwalba guda. Amma ki kiyayi abu uku a shagon kowa. Gilashin gaban mota akwai leda a tsakiyarsa, hayaƙi zai yi miki. Mai tauri na ƙofar banki da gefen mota ba ya yankuwa, kina sa dayamon, wato abin yankan gilashi, zai watse kamar tsakuwa. Madubi kuma bayansa fenti ne.

Injiniya Zariya:
Ƙara da gilashin tsohuwar talabijin mai ƙeya, akwai dalma a ciki, da dogon ƙwan fitila, akwai zaiba. Kada su shiga tanderu, balle turmi. In za a daka ko a goge gilashi, a jiƙa shi, a sa takunkumi na gaske, a yi a waje nesa da yara.

Maman Ilham:
To in ba kwalba, ina zan sami launi? Faranti fari fat kamar taga wa zai saya?

'Yar Katsina a Ingila:
A nan zan taimaka ba tare da na ce a yo oda ba, Malam Mai Luba ya shaida. Jan ƙarfe, wato tagulla. Siririyar wayar cikin kebul, ki fere robar, ki lanƙwasa ta yadda kike so, ko dagi ne ma, ki sa tsakanin falle biyu. Ko fallen tagulla mai laushi kamar takarda ki yanka ganye da almakashi. A wuta yana juyawa ja mai duhu, wani wuri shuɗi-shuɗi, ba ka taɓa sanin abin da zai fito. Sharaɗin ya zama siriri, kuma ki bar tazara daga baki don gilashin ya rufe shi. Ki ɗan tsaya wajen 670 na rabin awa a hawa, iskar da ke tsakani ta samu ta fita, in ba haka ba kumfa za ta taru kewaye da wayar.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa ga mutanen zaure. Ni ma ina gwadawa in an samu kuran, wato wutar lantarki. Tambayata, na gasa falle guda mai milimita 3, murabba'i, ya fito gefunansa sun shige ciki, kusurwoyi sun yi tsini kamar fatar da aka shanya. Mi ya kawo haka?

Baban Sadik:
Gilashi in ya narke sosai kaurin milimita 6 yake nema, haka halinsa yake. Ka duba ɗigon ruwa a kan leda yadda yake tattara kansa. In ka ba shi 3, zai janyo gefe don ya ƙara kauri. In ka ba shi 9, zai baje ya malala. Shi ya sa ake ɗora falle biyu na 3. In falle guda kake so, kada ka kai shi narkewa, ka tsaya inda baki zai yi laushi kawai.

Maman Ilham:
Salam, bayan kwana tara ga ni. Na karɓo saƙon Oga Mai Luba ta hannun direba, Allah ya saka. Falle biyu 'yan uwa, wayar tagulla a tsakiya na yi dagi. Na jira ranar da layinmu ke samun wutar dare, na kuma roƙi maƙwabcinmu mai babban janareta ya zauna cikin shiri, don namu ƙarami ko motsa tanderun ba ya yi. Na tsaya awa ɗaya a 545. Ban leƙa ba, na rantse, sai da allon ya nuna 45. Na duba da tabarau, duhu ko'ina sai ɗan haske siriri a jikin wayar. Kwana huɗu ke nan yana kan tebur. Amma sabuwar matsala: samansa ya yi hazo, kamar gilashin mota da hunturu. Na wanke da sabulu, na goge da toka, yana nan.

Sarkin Gardama:
Ki ce da masu saye ƙirar hunturu ce, ki ƙara kuɗi.

Injiniya Zariya:
Barka da arziki. Hazon nan ba datti ba ne da zai wanku, fatar gilashin ce ta fara komawa ƙananan ƙwayoyi kamar gishiri, kuma na taga da na kwalba sun fi kowane saurin yin haka. Abin da ke tayar da shi: shatin yatsa, man dayamon, alamar alƙalamin maka, ƙura, da daɗewa a zafi sama da 700. Ki wanke, ki goge da sifirit, daga nan ki riƙe shi ta gefe kawai. Daga 700 zuwa sama ki hau da sauri, kina gamawa ki sauko da sauri zuwa zangon hucewa, kada ki yi ta jan ƙafa a can sama. Wasu suna fesa ruwan borakis kaɗan a sama kafin gashi, irin wanda maƙeran zinariya ke amfani da shi, yana taimakawa.

Akwai kuma wani abu. Gilashin taga na zamani a kan narkakkiyar kuza ake shimfiɗa shi, dabarar kamfanin Pilkington ce ta Ingila da suka bayyana a 1959. Don haka fuskokinsa biyu ba ɗaya ba ne, ɗaya ta ɗebo kuza kaɗan, kuma ba sa yin hali iri ɗaya a wuta. Da fitilar UV mai gajeren zango ake gane ta, tana yin fari-fari. Fitilar duba kuɗi ba ta cika nunawa ba. In babu, ki yanka 'yan ƙanana biyu daga falle ɗaya, ki kifa ɗaya, ki gasa su tare, ki ga wanda ya fi fitowa garau, ki rubuta a littafi.

Mai Luba:
Shekara goma sha bakwai ina riƙe abin nan ban san yana da gaba da baya ba. Daga yau zan manna tef a fuska ɗaya kafin in yanka miki.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai. Saura lanƙwasawa, so nake ya zama ɗan kwano mai zurfi na goro. Ina da kwanon silba a kicin, in ɗora shi a kai?

Mai Luba:
Tsaya Hajiya! Wane irin silba? In alminiyam ne, a digiri 660 yake narkewa, ni sana'ata ce. Za ki buɗe ki tarar da kwano ya zama kunu a ƙasan tanderu. Kwanon sha mai fenti ma kada ki sa, fentin nan gilashi ne, zai manne.

Baban Sadik:
Ya cece ki. In bakin ƙarfe ne mara tsatsa, ana yi, amma kifa shi ake yi a ɗora gilashi a bayansa ya zubo kamar mayafi, don ƙarfe ya fi gilashi tsukewa, in ya huce sai ya janye jikinsa ya sake shi. In kika sa gilashi a cikinsa, zai matse shi ya ƙi fita. Yumɓu kuma akasin haka, a cikinsa ake sawa. Ki je wajen masu tukwane ki zaɓi kasko mara zurfi mai faɗin baki, wanda aka riga aka gasa. Ki huda ƙananan ramuka biyu ko uku a gindinsa don iska ta fita, in ba haka ba za ta taso ta yi miki ƙululu a tsakiya. Ki gasa shi shi kaɗai sau ɗaya ki ga ko zai jure. Sannan shafi: farar ƙasa irin ta masu tangaran, kawolin, wadda ake haƙowa a Ƙanƙara, ba ta shafen bango ba. Ana haɗa ta rabi da rabi da garin alumina, a dama ruwa-ruwa, a shafa sau huɗu ko biyar, kowane shafi ta wata fuska, a bari ya bushe ƙayau. Ranar da za ki kankare tsohon shafi ki jiƙa shi, ƙurarsa ba ta da kyau ga huhu.

Zafin lanƙwasa bai kai na haɗawa ba, na taga wajen 680 zuwa 720, nauyinsa ne ke kwantar da shi. Kuma yanzu kaurinsa 6 ne, ki hau a hankali, kamar digiri 150 a awa har ki wuce 550. A wannan gashin kaɗai na yarda ki leƙa, in zafi ya wuce 650, ta ramin leƙe, da tabarau, daƙiƙa biyu. Kina ganin ya taɓa gindi ki wuce zuwa hucewa.

Injiniya Zariya:
Kuma ki sani abin da za ki yi ɗin nan ya girmi hura gilashi. Kafin a gano busa shi da bututu a yankin Sham, wajen ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa, a kan mazubi ake kwantar da kwanonin gilashi.

'Yar Katsina a Ingila:
In kwanon goron ya fito, na farkon nawa ne. Zan kai wa malamarmu ta ga dagi a gilashin taga.

Sarkin Gardama:
Wato yanzu Ingila ce za ta yo oda daga Kaduna.

Maman Ilham:
Anti sai dai ki biya kuɗin jirgi. Baban Sadik, ramukan kaskon da ƙusa zan huda ko da injin huji?

Baban Sadik:
Injin huji, da siririn baki na bango, a hankali, kina ɗiga ruwa. Ki sayi kasko biyu, na farkon yakan fashe.